Yadda masana ke gano shekarun tsoffin kufai

Manomi a Dungas ko Magarya kan tono katangar tukunya ko guntun ƙashi a gonarsa, ya jefar a bakin iyaka. Ga masu binciken kayan tarihi, wurin da abin yake kwance ya fi abin kansa daraja, domin da shi ake gano shekarunsa.

Hanyar da aka fi sani ita ce awon kabon 14. Duk mai rai yana ɗauke da wannan sinadari. Da zarar ya mutu sai ya soma raguwa, rabinsa na ɓacewa cikin shekara 5,730. Da ita aka auna kaburburan Gobero a jihar Agadas, da tawagar Paul Sereno ta gano a shekarar 2000. Akwai kaburbura kusan 200 a gaɓar wani tabki da ya ƙafe, waɗansunsu sun haura shekara 9,000.

Sai dai awon yana da tarko. A Termit, nan jihar Damagaram, gawayi ya nuna ana narka ƙarfe tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Waɗansu masana sun ƙi amincewa, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: a hamada itace kan bushe ya daɗe ƙarni da dama kafin a ƙona shi, ke nan ranar mutuwar itacen aka auna, maƙerin yana iya zuwa daga baya.

Bayan shekara 50,000 kuma kabon ba ya aiki. A nan ake auna ƙarfin hasken da ya taru cikin dutse tun ranar da wuta ta ƙona shi, ko cikin yashi tun rabonsa da rana. Haka aka gano a 2017 cewa ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko sun kai shekara 300,000. A kogon Bizmoune, can Maroko, an samu kwansan dodon koɗi da aka huda domin ado, masu shekara aƙalla 142,000, tare da makaman dutse irin na Adrar Bous da ke arewacin Ayar. Ado alama ce ta tunani irin namu: mutum yana shaida wa baƙo ko shi wane ne.

Wannan awo na yashi yana lalacewa da zarar rana ta haska samfurin. Shi ya sa ramin da masu wawashe kayan tarihi suka haƙa, kamar yadda aka yi wa maƙabartun Bura a jihar Tilaberi, ba ya sake ba da kwanan wata.