Koyarwar Coci kan Aiki da Neman Abinci a Duwala

Ilimin tauhidin Kirista yana ɗaukar aiki a matsayin kira daga Allah. Tushen wannan koyarwa shi ne Littafin Farawa, inda aka ɗora wa Adamu kula da gona, da kuma rayuwar manzo Bulus, wanda ya ci abinci da ɗinkin tanti. A ƙarni na 16 Martin Luther ya faɗaɗa ta, ya ce manomi da maƙeri ma masu hidima ne kamar limamin coci.

A birnin Duwala na Kamaru, koyarwar ta fara ne da sana'ar hannu. Alfred Saker, ɗan mishan Baftis daga Ingila da ya sauka a 1845, ya koya wa almajiransa yin bulo da kafinta da ɗab'i, ya kuma fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Duala. Mishan ɗin Basel da ya karɓi aikin a 1886 ya ci gaba da haɗa karatu da koyon sana'a.

Unguwar New Bell ta sauya salon koyarwar. Jamusawa ne suka yanka ta a lokacin da suke ƙwace filayen mutanen Duala na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya ta cika da baƙi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, da leburorin tashar jiragen ruwa da na reluwe. Bayan yajin aikin Satumba 1945, batun albashi da haƙƙin ma'aikaci ya shiga wa'azi. Cocin Katolika ya dogara da wasiƙar Paparoma Leo na 13 ta 1891, wadda ta kare albashin adalci da ƙungiyoyin ƙwadago. Fada Simon Mpeke, ɗaya daga cikin limaman Katolika na farko 'yan Kamaru, ya jagoranci cocin New Bell kafin ya koma Tokombere a arewa a 1959. A can ne masanin tauhidi Jean-Marc Ela ya yi aiki daga baya, kuma littattafansa sun sa talauci da gumin manomi a tsakiyar nazarin tauhidi.

A yau ana horar da fastoci a Ndoungue da jami'ar Furotesta ta Yawunde, limaman Katolika kuma a makarantunsu da jami'ar Katolika ta Afirka ta Tsakiya. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a 1994, akasarin mabiya ba su da albashi. Acaɓa da talla da ƙananan shaguna ke riƙe da gidajensu. Don haka darussan sun karkata ga adashi, bashi, cin hanci da gaskiya a awo. Ana kuma muhawara da majami'un Fentikos masu wa'azin arziki, waɗanda ke ɗaure wadata da bangaskiya da bayar da zakka.

A kasuwannin New Bell, Kirista da Musulmi suna ciniki kafaɗa da kafaɗa, kuma amana da cika alkawari su ne ma'aunin da ɓangarorin biyu ke auna ɗan kasuwa da shi.