Mulkin mutum ɗaya a duniyar EVE Online

A wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Ayislan ya fitar a 2003, dubban 'yan wasa kan haɗu a ƙungiya guda su kama yankuna a sararin samaniya, su tara dukiya, su ci juna da yaƙi. Galibin manyan ƙungiyoyin nan mutum ɗaya ke riƙe da akalarsu, ba zaɓe ba wa'adi. Alhali kuwa waɗannan mutane sun san daɗin ƙuri'a, domin tun 2008 suke zaɓen wakilan da ke kai kokensu gaban kamfanin.

Dalilin farko da ya sa suke yarda da mulkin mutum ɗaya shi ne gaggawa. Abokan gaba kan kawo hari da tsakar dare, mambobi kuma suna warwatse daga Amurka zuwa Rasha, wani na barci wani na wurin aiki. Kafin majalisa ta zauna an ƙwace yankin. Ga kuma gajiya: wanda ya dawo daga aiki wasa yake so, ba taro ba, don haka yakan bar wa shugaba lissafin baitulmali da sasanta rigima.

Masu kare tsarin sukan ce ai ƙofa a buɗe take, wanda shugaba ya ishe shi sai ya tattara ya koma wata ƙungiya. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya nuna a 1970 cewa wanda bai gamsu ba, ko ya fice ko ya ɗaga murya, kuma sauƙin ficewa kan rage ɗaga muryar. Ni dai wannan hujja ba ta kwantar mini da hankali. Mutumin da ya shekara da shekaru yana haɗa jirage, abokansa duka suna ciki, tafiya ba ta yi masa arha.

Sannan inda ba a ja-in-ja da shugaba a fili, ɓacin rai kan fito ta bayan gida. A 2009 wani darakta na ƙungiyar Band of Brothers ya koma ɓangaren abokan gabarsu, ƙungiyar Goonswarm, ya rushe tsohuwar ƙungiyarsa da ikon da aka damƙa masa, yankunanta suka kuɓuce. A 2017 jami'in diflomasiyyar ƙungiyar Circle-of-Two, mai laƙabin The Judge, wanda ya ƙosa da shugabansa, ya kwashe baitulmali ya miƙa babbar tasharsu ga abokan gaba. Talakawan ƙungiyar, waɗanda ba a taɓa jin ta bakinsu ba, suka wayi gari jiragensu na cikin tashar da ta zama ta maƙiya.