Inda Ake Zuwa Koyon Shiru

Jama'a, yau mun leƙa gidajen halwa na mabiya addinin Buddha, inda mutum ke tafiya takanas don ya koyi zama da natsuwa.

A Indiya da wasu ƙasashe ana yin halwar kwana goma mai suna Vipassana. Tun a ƙofa ake karɓe waya da littafi da biro, kuma kwana tara cur ba magana, ko haɗa ido da na kusa ba a yi. Masu surutu, sai ku fara atisaye tun yanzu!

Ƙararrawa na kaɗawa da ƙarfe 4 na asuba, ana kuma shafe kusan awa goma a zaune kullum. A kwana ukun farko aiki ɗaya ne tak: lura da shigar numfashi da fitarsa. Hanci ya samu mai gadi.

Ba a biyan ko sisi, waɗanda suka taɓa yin halwar ne ke ciyar da sababbi. Sai dai daga abincin rana an rufe tukunya: da yamma sabon shiga shayi da 'ya'yan itace ne rabonsa. Tuwon dare sai an koma gida.

A gidajen ɗariƙar Zen na Japan, wani sufi kan riƙa zagayawa da falalen sanda a hannu. Wanda gyangyaɗi ya dame shi yakan haɗa tafin hannu ya rusuna, a ɗaɗa masa a kafaɗa, sannan ya sake rusunawa. Da kanka za ka roƙa, kuma har da godiya!

A can ɗin dai, in an gama cin abinci ana zuba ruwan zafi a kwano, a goge shi da ɗan yankin ganyen miya ko saiwa mai tsami, a cinye, a kora da ruwan. Mai wanke-wanke ya huta.

Halwar damina ta wata uku tsohuwar al'ada ce ta sufayen Buddha. An ce jama'a ne suka yi ƙorafin sufaye na tattake shuka da ƙananan halittu a yawonsu, sai aka ce kowa ya zauna wuri guda har ruwa ya ɗauke. Manoma sun yi nasara. A Thailand har yau mutane da dama kan ajiye giya a watannin nan.

A Koriya ta Kudu akwai mako guda da sufaye ke yi ba tare da sun kwanta ba. 'Yan Tibet kuwa halwarsu takan kai shekara uku da wata uku, wasunsu a zaune suke barci cikin ɗan akwatin katako. Mai sayar da katifa ba shi da ciniki a nan.

A 1994, fursunoni kusan dubu suka yi halwar kwana goma tare a wani babban gidan yari na Delhi. Su dai ba a sha wahalar karɓe musu waya ba!