Sassaƙa da Sirrin Ɗaki a Ƙasar Birchi

A ƙasar Jamus, zamanin Albrecht Dürer wanda ya rasu a 1528, da kuma ƙasar Japan, inda Suzuki Harunobu ya shahara da zane mai launi tun daga 1765, gwanaye kan sassaƙa sura a jikin allon katako, su shafa masa tawada, su danna a takarda, har a ga mace a ƙuryar ɗakinta tana kitso ko renon ɗa, a kai kasuwa kowa ya saya.

Mutanen Birchi kuwa, ta ƙasar Kurfi, maƙwabtan Dutsin-Ma, ko da yake Allah ya hore musu masassaƙa, al'adarsu ta bi wani tafarki daban, saboda malamai sun yi hani ga sassaƙa surar abu mai rai, kuma cikin gida wuri ne na sutura, wanda baƙo namiji, komai girmansa, iyakarsa zaure, ya yi sallama ya jira maigida. Don haka hikimar gizago da wuƙa sai ta koma ga kayan da mace ke ma'amala da su dare da rana: turmi da taɓarya, waɗanda aka fi so na itacen ƙirya saboda ƙarfinsa, da akushin tuwon maigida, da muciya, da kujera 'yar tsugunno, da ƙwaryar da ake yi wa zane da ƙarfe mai zafi.

Babu lokacin da wannan ado ke bayyana kamar ranar jere. A da, bayan mata sun taru sun yi daɓe, sun yayyafa makuba har ƙasa ta yi santsi, sai gwaggwanni da ƙannen uwar amarya su shiga, su kafa gado, su ɗora ƙorai bisa ƙorai, babba a ƙasa ƙarama a sama, su rataye faya-fayai a bango, alhali kowace tana lura kada a ce dangi sun gaza. Daga baya tasoshi da kwanonin sha masu fenti suka shigo, yau kuma ga kabad da tangaran, amma manufar ba ta sauya ba, wato a nuna cewa yarinya tana da gata. In an gama, wata dattijuwa ta ce, "Ke 'yar nan, ga ɗakinki, ki riƙe shi da haƙuri da tsabta," sauran su amsa da "Allah ya ba da zaman lafiya."

Wannan ɗaki ba a kai labarinsa dandali; mata 'yan'uwa da miji ne kaɗai ke ganinsa, kuma a nan darajarsa take. Ya kamata iyayen da ke shirin aurar da 'ya'yansu su riƙa sa aikin masassaƙan garinsu cikin kayan ɗaki, domin sana'ar da aka daina saye, ɗa ba ya gadonta daga ubansa.