Bayanin Bashin Ƙasashe a Shekarun Annobar Korona

A wannan fitowa, ban da farashin kaya da muka saba kawo muku, mun ga ya kyautu mu warware wata magana da ake yawan rikitawa a rumfuna, watau cewa wai a shekarun annobar korona an yafe wa ƙasashe matalauta bashin da ake bin su. Har wasu kan tambaya, in dai an yafe, to don me kuɗin wasu ƙasashe ya lalace bayan annobar, kaya suka yi tsada haka? Amsa ita ce abin da aka yafe ɗan kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa ɗage ranar biya aka yi, kuma ko ita ɗagewar ba duk masu bin bashi suka yarda da ita ba.

Da farko sai mu gane abin da ya haɗa ɗan kasuwa da bashin gwamnati. Bashin waje yawanci da dala ake biyansa. Dalar nan kuwa daga rijiya ɗaya ake ɗibarta, da ta biyan bashi da wadda mai odar atamfa ko magani ko kayan gyaran mota yake nema. In gwamnati ta kwashe rabonta ta kai wa masu bin ta, ragowar ita 'yan kasuwa za su yi wawaso a kai, sai canji ya tashi, farashi ya bi shi. A shekarar 2020 rijiyar ce ta ja baya. An rufe kasuwanni, jirage sun daina tashi, 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida sun zauna ba aiki, a watan Afrilu kuma gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 20. Ga asibitoci suna neman kuɗi, ga wa'adin bashi bai san da annoba ba.

Yafewa ta gaskiya daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya ta fito, wanda ake kira IMF. Yana da wani ƙaramin asusu na agajin bala'i da ya kafa a 2015, bayan cutar Ebola, wanda aka fara sauke wa Gini da Laberiya da Saliyo kimanin dala miliyan 100 da shi. A watan Afrilu na 2020 aka sake buɗe shi ga ƙasashe 25, har da Nijar da Cadi da Mali da Binin da Togo, daga baya suka kai 31. Duk kuɗin da ya kamata su biya IMF a wannan tsakani, daga asusun aka biya musu. Amma da aka tattara shi na shekara 2, bai cika dala miliyan dubu ɗaya ba. A raba wannan ga ƙasashe 31, a ga abin da kowa zai tashi da shi.

Babban shirin da ya yi suna shi ne na ƙungiyar ƙasashe 20 masu ƙarfin arziki. Sun yanke shi a watan Afrilu na 2020, ya fara aiki ran 1 ga Mayu, aka yi ta ƙara masa wa'adi har ƙarshen Disamba na 2021. Ƙasashe 73 aka ce suna iya nema, 48 suka nema, aka ɗage musu biyan dala miliyan dubu 12 da miliyan 900. Nijar da Cadi da Kamaru duk suna ciki. To amma a duba sharaɗin. Abin da aka ɗage a 2020, hutun shekara 1 aka ba shi, sannan a biya cikin shekara 3. Na 2021 aka ƙara tsawon biyan zuwa shekara 5. Kuma an tsara shi yadda mai bin bashi ba zai yi hasarar ko anini ba, don kuɗin ruwa bai daina gudu ba. Kamar dai maigidanka na Kantin Kwari ne ya ce, bar kuɗin dilar nan sai bayan salla. Ka sami numfashi, ba shakka, kuma mu ba mu raina numfashi ga wanda aka shaƙe. Amma sunanka na nan cikin littafi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane dillali ya san yadda ake yi in ɗan kasuwa ya sami karayar arziki, ga mutum biyar suna bin sa. Shugabannin kasuwa kan tara su duka a tabarma ɗaya, a lissafa abin da ya rage a shago, kowa ya ɗauki hasara gwargwadon kuɗinsa. In uku suka yi haƙuri, biyu suka ƙi zama, to haƙurin ukun nan aljihun biyun zai shiga, don duk abin da mai shago ya samu su zai miƙa wa. Nan gaba kuma ba mai yarda ya fara haƙuri. Haka ta faru a duniya. Gwamnatoci masu ba da rance su kaɗai shirin ya ɗaure. Bankuna da kamfanoni da masu riƙe da takardun lamuni roƙonsu kawai aka yi, kuma a lissafin Bankin Duniya guda ɗaya tak daga cikinsu ya amsa. Shi ma Bankin Duniya bai ɗage nasa ba. Hujjarsa ita ce in ya ɗage, darajarsa wajen masu ba shi rance za ta ragu, arhar kuɗin da yake samu ta tafi, don haka ya gwammace ya ƙara ba da sabon kuɗi. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace gwamnati bin waɗannan ƙasashe bashi, ta shiga shirin, amma ta ce wani babban bankinta na raya ƙasa na kasuwanci ne, sharaɗin bai hau kansa ba. Aka daɗe ana jayayya a kan wannan.

Wani zai ce, me ya hana sauran ƙasashe 25 nema, alhali ƙofa a buɗe take? Nijeriya da Gana suna cikin waɗanda suka ƙi. Babban dalili shi ne tsoron zubewar suna, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan. Ranar da aka ji ka roƙi a ɗaga maka ƙafa, gobe mai ba ka kaya bashi sai ya ce kuɗi hannu, ko ya ɗora maka a farashi. A duniya akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, auna wa ake iya ba bashi a kwana da ido biyu rufe. Ɗaya daga cikinsu, Moody's, ya sa Habasha da Kamaru da Senegal da Kwaddibuwa da Pakistan cikin waɗanda zai sake duba darajarsu bayan sun nemi shiga shirin. Saura suka gani, suka shafa wa gemunsu ruwa. Kenya ma sai da ta noƙe, ba ta shiga ba sai a farkon 2021.

Nijeriya hanyar sabon rance ta bi. Ta karɓi dala miliyan dubu 3 da miliyan 400 daga IMF a watan Afrilu na 2020, kuma a watan Satumba na 2021 ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan dubu 4 a kasuwar waje. Na IMF ɗin bashi ne cur, sai a watan Afrilu na 2025 aka gama biyan uwar kuɗinsa. Kada a gama wannan da abin da ya faru a 2005, zamanin Obasanjo, lokacin da masu bin bashi na Ƙungiyar Paris suka share wa Nijeriya dala miliyan dubu 18, ta biya kimanin miliyan dubu 12. Wancan shi ne yafewa, kuma muna zaton shi ne ya tsaya wa mutane a rai har suke auna na korona da shi. Akwai kuma wani rabo da IMF ya yi wa duk ƙasashen da ke cikinsa a watan Agusta na 2021, na dala miliyan dubu 650. Da yake gwargwadon jarin kowa aka raba, Afirka gaba ɗayanta kimanin miliyan dubu 33 ta samu.

Da aka ga ɗagewa ba ta warkar da wanda bashi ya riga ya fi ƙarfinsa, sai ƙasashen nan 20 suka fito da wani tsari a watan Nuwamba na 2020, na tara masu bin bashi duka a tabarma ɗaya, har da Sin, har da 'yan kasuwa. A watan nan ne Zambiya ta kasa biyan kuɗin ruwa na dala miliyan 42 da rabi, ta zama ta farko a Afirka da ta gaza a zamanin annobar. Tsarin a takarda ba shi da laifi. Tafiyar hawainiya ce ta ɓata shi. Zambiya ta nema a farkon 2021, ba ta daidaita da gwamnatocin da ke bin ta ba sai Yuni na 2023, masu takardun lamuni kuwa sai 2024. Shekara 3 da ɗoriya shago na rufe ana lissafi.

Labarin Cadi ya fi ba mu mamaki. Ita ta fara nema, a watan Janairu na 2021. Babban mai bin ta na waje ba gwamnati ba ne, kamfanin fataucin mai ne, Glencore, wanda ya ba ta rance ana biyansa da ɗanyen mai, kamar manomin da ya ci bashi da damina zai biya da buhu a kaka. Aka yi ta zama kusan shekara 2. Kafin a gama, farashin mai ya tashi, sai masu bin bashi suka ce ai yanzu tana iya biya. Yarjejeniyar da aka yi a Nuwamba na 2022 ba ta rage mata uwar kuɗi ba, jadawalin biya kawai aka gyara.

'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Ankara su suka ɗanɗana ƙarshen abin da bakinsu. Gana ta ƙi ɗagewa don kare sunanta, ta karɓi dala miliyan dubu ɗaya daga IMF a 2020, ta ci gaba da cin bashi a kasuwar waje. Da kuɗin ruwa ya hau a Amurka a 2022, ga yaƙin Rasha da Yukiren ya tsadar da mai da alkama da taki, sai masu ba da rance suka rufe mata ƙofa. Dala da ake canzawa wajen sidi 6 a farkon shekarar ta haura sidi 13 kafin shekarar ta fita. Tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuma a watan nan gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Wanda ya ba da kaya bashi da sidi a watan Janairu, aka biya shi cif a Nuwamba, kuɗin bai sake cika masa rabin shago da kayan waje ba, ga shi kuwa ba wanda ya ci masa ko kwabo.

Hasarar ba ta tsaya ga Turawa masu takardun lamuni ba. Sai da aka fara da mutanen gida, bankuna da masu ajiya da suka ba gwamnati rance, aka canza musu takardunsu da wasu masu dogon wa'adi da ƙarancin riba. A watan Fabrairu na 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasar, Sophia Akuffo. IMF ya amince da rancen dala miliyan dubu 3 a watan Mayu na 2023. Masu takardun lamuni na waje, da suke bin ta wajen dala miliyan dubu 13, sai a Oktoba na 2024 aka gama da su, yawancinsu suka haƙura da kashi 37 cikin 100 na kuɗinsu. Ragin da roƙo bai samo ba a shekarar annoba, sai da ƙasa ta durƙusa aka same shi.

Farashin hatsi da na canji suna shafi na gaba.