Tsohon injin miƙe katako: yadda ake mayar da teburansa su zauna daidai

A shagunan kafintoci na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba kowa ke da ƙarfin sayen sabon inji ba. Da yawa tsoffin da suka gama aiki a Turai ake samu, masu suna irin su Lurem, Guilliet ko SCM. A da ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa, amma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome. Hanya ce mai tsawo, kuma don a rage nauyi da cin wuri, sau da yawa sai an kwance teburan injin kafin a loda shi. Yau za mu tsaya kan guda daga cikinsu, injin miƙe katako, wanda da Faransanci ake ce wa dégauchisseuse, mu ga yadda ake mayar da teburansa.

Me ya sa muka damu da wannan? Saboda katakon da ake aiki da shi a Nijar kusan duka daga waje yake zuwa, kuma kun san tsadarsa. Injin da teburansa suka karkace zai tashi, ya yi ƙara, ya zubar da dusa kamar lafiyayye, amma duk katakon da ya bi ta kansa sai ya fito da doro ko da rami. A haɗa ƙofa da shi, bayan ɗan lokaci mahaɗa ta buɗe, mai ƙofa ya dawo da faɗa.

Injin yana da tebur biyu, da sandar wuƙaƙe mai juyawa a tsakaninsu. Akwai teburin shiga, inda ake ɗora katako a tura, akwai teburin fita, inda yake sauka bayan wuƙa ta ci. Na shiga ana sauke shi ƙasa kaɗan gwargwadon abin da ake so a cire. Na fita kuwa tsayinsa ɗaya da bakin wuƙa idan ta kai ƙololuwa. Sharaɗin duka shi ne teburan biyu su kwanta a shimfiɗa guda: idan aka ɗaga na shiga ya kai na fita, su zama kamar tebur ɗaya da aka yanka a tsakiya.

Kafin komai a zare wayar kuran gaba ɗaya. Kashe maɓalli kawai bai isa ba, musamman a shagon da yara 'yan koyo ke kai da kawo. Sannan a dubi ƙasan da injin zai zauna. Idan daɓen ba daidai yake ba, gindin injin na iya murɗewa, mutum ya wuni yana gyaran tebur alhali matsalar tana ƙarƙashin ƙafafu. A cika ƙafar da ke reto tukuna.

Sai wanki. Hanyoyin da tebur ke zamewa a kansu a goge su da gazuwal har tsohon giris da dusar da ta daskare su fita, a kankare tsatsa a hankali. Ɗan ɓurɓushin dusa guda da ya maƙale a can ya isa ya ɗaga bakin tebur. Teburan na ƙarfen zubi ne, yana da nauyi kuma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Mutum biyu ko uku su ɗauka, kada a buga da guduma. Kuma daga ranar nan kada a sake ɗaga injin ta hanyar kama teburansa, domin wannan ɗabi'a ita ke sa bakunansu su sunkuya.

Injinan iri biyu ne. Akwai wanda teburinsa ke hawa da sauka a kan gangare, cikin wata kwarya, da siririn ƙarfe a gefe wanda notuna ke matsewa don tebur ya daina girgiza. Wannan siririn ƙarfe a mayar da shi yadda ya fito. Ana gane fuskarsa da 'yan ramukan da bakin notuna suka bari a jiki. A matse notunan kaɗan-kaɗan, har girgiza ta tafi amma tebur yana motsi idan an juya hannunsa. Sau da yawa wannan matsewa kaɗai tana ɗaga bakin da ya sunkuya, ba sai an yi wani ciko ba. Iri na biyu kuwa teburinsa na zaune kan hannuwa, kuma a kusurwoyi huɗu akwai zobba waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba. Juya zobe yana ɗaga kusurwar ko ya sauke ta. Wannan ya fi daɗin gyara, sai dai kowace kusurwa ka taɓa, sauran ukun sai sun amsa.

To, da me za a auna? Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Ana buƙatar miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon da zai hau teburan biyu, mita ɗaya ko fiye. Sandar alminiyon da magina ke shafe da ita ba lallai ta miƙe ba, don ta sha wuya a wurin gini. A gwada ta: a ɗora kan allo a ja layi da fensir, a kifa ta a kan wancan gefen layin, bakin nan dai da aka ja da shi ya dawo kan layin, a sake ja. Idan layukan biyu sun hau juna, ta yi. Idan sun buɗe a tsakiya, a nemi wata. Abu na biyu shi ne siraran ƙarafan awo da makanikai ke auna bawul ɗin mota da su. Wanda bai samu ba, takardar rubutu ta ofis kaurinta wajen milimita 0.1 ne, kuma tana aiki.

Da teburin fita ake farawa. A ɗora ƙarfen awo a kansa ya leƙo bisa sandar wuƙaƙe, a auna tazarar da ke tsakaninsa da jikin sandar, a wurin da babu wuƙa, ta gefen kafinta da ta gefen jingina. Tazarar biyu su zo ɗaya. Bayan nan a ɗaga teburin shiga har ya taɓa ƙarfen, a danne ƙarfen a kan na fita, a bi ƙarƙashinsa da takarda. Wuri huɗu ake dubawa: gefen gaba, gefen baya, sannan a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Giciyen ne ke tona murɗiya. Inda takarda guda ta shige ba tare da ta kama ba, akwai gyara.

A injin gangare, gyaran ciko ne. Gwangwanin lemo na alminiyon da aka yanka da almakashi shi ma kaurinsa wajen milimita 0.1 ne. A sassauta notuna, a ɗan ɗaga tebur, a zura cikon tsakanin hanyoyin zamewa: can ƙasan gangare idan ana so bakin waje ya tashi, can sama kusa da wuƙaƙe idan ana so ya sauka. A mu dai, cikon a teburin fita ya kamata ya shiga, ko da idon mutum na ce masa na shiga ne mai laifi. Dalili kuwa, na shiga kullum cikin hawa da sauka yake, ciko zai goge ko ya sulale, na fita kuwa sai ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Ciko guda, a matse, a sake aunawa daga farko har da tazarar sandar wuƙaƙe. Aikin yana cin rai, gaskiya, kuma ba na mai gaggawa ba ne.

Idan tebura sun zauna, sai wuƙaƙe. A kwantar da guntun katako miƙaƙƙe kan teburin fita, a juya sandar da hannu a hankali. Wuƙa ta ɗan kama shi ta ja shi gaba kamar milimita 3, ta sake. Kowace wuƙa, a bakunanta biyu, jan ya zo ɗaya. Jinginar katako kuma a sa mata ma'aunin kusurwa ta tsaya a digiri 90. Galibin manyan injinan nan na kuran mai layi uku ne, 380, kuma idan aka musanya waya biyu sandar za ta juya da baya. Mai gyaran lantarki ya tabbatar wuƙaƙe na juyowa wajen teburin shiga.

Yanzu katako ne zai ba da shaida. A miƙe gefen katako biyu masu tsawon mita ɗaya, cin milimita 1, a haɗa bakunansu a ɗaga wajen haske. Haske a tsakiya, bakunan tebura na waje sun sunkuya. Haske a ƙarshe biyu, sun tashi sama. Idan wuƙa ta yi ɗan rami a wutsiyar katako, teburin fita ya yi ƙasa. Idan katako ya tokare da bakinsa, ko cin yana raguwa kafin a kai ƙarshe, ya yi sama. Lokacin gwajin, murfin wuƙaƙe yana wurinsa, hannun riga a naɗe, kuma kada a tura guntun da bai kai santimita 30 ba.

Akwai abin da ciko ba ya warkarwa. Idan tebur guda shi kansa ya yi kwari a tsakiya saboda shekarun goga, ko ya murɗe, sai an kai shi wurin masu injin wasa ƙarfe, kuma kuɗin na iya cinye arahar da aka samu. Shi ya sa mai niyyar saye ya tafi da ƙarfen awonsa da 'yar takardarsa, ya ɗora a kan kowane tebur shi kaɗai, a tsaye da a gicciye, tun kafin a fara maganar farashi.