Jar Wuta a Kan Miksa: Yadda Mai DJ Ke Auna Ƙarfin Sauti

Kafin waƙa ta fito daga lasifika ta shiga kunnen mai rawa, sai ta ratsa ƙofofi da dama, kuma kowace ƙofa tana iya ƙara mata ƙarfi ko ta rage. Tana tasowa daga kwamfuta ko na'urar kunna waƙa irin CDJ ta kamfanin Pioneer, ta faɗa cikin miksa, wato na'urar haɗa sauti. A nan za ta fara cin karo da wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a can saman layinta, wanda aka rubuta GAIN ko TRIM a kansa. Daga nan sai maɓallan daidaita amo guda uku, na siririn sauti da na tsaka-tsaki da na bes, sannan feda da ake turawa sama da ƙasa, sannan masta da ke riƙe da jimillar abin da miksa ke fitarwa. Bayan haka sai amfilifaya, sai lasifika.

Kuskuren sabon shiga shi ne ɗaukar maɓallan nan duka a matsayin abu ɗaya, wai na ƙara murya. Maɓallin sama aikinsa awo: shi ke daidaita ƙarfin waƙa tun daga bakin shiga, don ta zo kafaɗa da kafaɗa da wadda ke tashi. Feda kuwa aikinta rabo, ita ke ƙayyade nawa za a sakar wa jama'a daga abin da aka auna. In an yi awo daidai, mai DJ zai iya tura feda har ƙurya a kowace waƙa hankalinsa kwance.

Dalilin awon shi ne ba a haifi waƙoƙi da ƙarfi ɗaya ba. Waƙar Mamman Shata da aka kwafo daga tsohon kaset tana zuwa a sanyaye, da shuu a bayanta. Ta Hamisu Breaker ko Ado Gwanja da ta fito daga situdiyon zamani kuwa an matse ta an cika ta dam, domin tun shekarun 1990 masu haɗa waƙa a duniya ke rige-rigen fitar da wadda ta fi ƙara. Ga kuma waƙoƙin da aka samo wajen masu turi, waɗanda suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ba a san hannu nawa ya taɓa su ba. A jera waɗannan ba tare da awo ba, ɗaya za ta nutse har a ji surutun mata a bayan rumfa, ta gaba ta faɗo kamar aradu. Manhajoji irin su Serato da rekordbox da VirtualDJ suna iya yin awon da kansu, kuma suna taimakawa, sai dai lissafi suke bi, ba su san yadda waƙar ke sauka a kunne ba.

Yadda ake yi ba wuya. Tun feda na ƙasa, mai DJ zai saurari waƙar da ke tafe ta abin sauraron da ke kunnensa, ya tsallaka zuwa inda kiɗa ya fi cika, domin farkon waƙa mai laushi yana ruɗi. Sai ya murɗa maɓallin sama idonsa na kan jerin fitilun layin. A yawancin miksa fitilun kore ne daga ƙasa, ruwan lemo a wajen alamar 0 zuwa sama, ja a ƙoli. Abin nema shi ne sauti ya zauna a kore, bugun ganga ya riƙa leƙa ruwan lemo yana komawa.

Jar wuta gargaɗi ce cewa mudu ya kusa cika. Kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma in aka wuce iyakar sai ta shafe kan igiyar sautin, kamar yadda mai awo ke sa hannu ya share tozon hatsi. Abin da aka share ya tafi ke nan. Bugun ganga ya rasa kaifinsa, muryar mawaƙi ta koma ƙarar fasasshen kwano. Rage masta ba ya gyara ɓarnar da aka yi a maɓallin sama, sai dai ya fitar da ita a hankali. Sautin da aka shafe wa kai kuma yana tura wuta mai yawa ba hutu zuwa ƙananan lasifikun da ke fitar da siririyar murya, waɗanda wayar cikinsu ba ta jure zafi. Sau da yawa su ke fara ƙonewa, mai kaya ya ɗora wa janareta laifi.

Ana auna sauti da desibel, kuma lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin wutar da ke shiga lasifika ne, amma kunne sai an ƙara kusan 10 yake jin ƙara ta ninku. A nan sirrin haɗa waƙa biyu yake. Idan biyun suna tashi da ƙarfi ɗaya, jimillarsu takan hau da kamar desibel 3, in kuma bugun gangunansu ya faɗa a kan juna daidai, tana iya kaiwa 6. Wanda ya cika layi ɗaya maƙil bai bar wa ta biyu wurin zama ba. Shi ya sa gwanaye ke barin rata, kuma suke musayar bes: a shigo da sabuwar waƙa bes ɗinta a rage, can a wata gaɓa a janye na tsohuwar a saki nata. Bes ne ya fi cin wuri. Maɓallan amo ma ƙari ne a ɓoye, don a miksa irin DJM kowannensu na iya ɗora desibel 6. Ragewa da su ya fi ƙarawa lafiya.

A babban fili ake ganin amfanin wannan tarbiyya ƙarara. Bukit Jalil, a kudancin Kuala Lumpur, nan ne babban filin wasa na ƙasar Malesiya yake, wanda aka gina don wasannin Commonwealth na 1998, mai cin mutum sama da 80,000. A harabarsa aka yi bikin Future Music Festival Asia a watan Maris na 2014, inda Armin van Buuren na ƙasar Holan ya kawo shirinsa na A State of Trance karo na 650. A irin wannan dandali ba mai DJ ke da ikon ƙarar fili ba. Abin da miksarsa ta fitar yana tafiya ne wurin injiniyan sauti da ke zaune a tsakiyar jama'a, shi ke riƙe da linzamin amfilifayoyi. Tsakaninsu akwai na'urar da ke danne duk abin da ya haura iyaka. Mai DJ da ya tura masta cikin ja don ya fi wanda ya gabace shi amo bai samu komai ba: na'urar za ta danne, injiniya ya rage, kiɗan ya fito a daddaɓe. Isar da sauti ga na baya ma aikin injiniya ne, don a sarari sauti na raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninku. Maganinsa kafa ƙarin lasifiku a tsakiyar fili, a ɗan jinkirta su don su dace da sautin dandali, mai tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa.

A wurin kamu ko dina a Kano, mai DJ shi ne injiniyan kansa, saboda haka tsarin na hannunsa. Tun kafin baƙi su iso yake auna layi, ya tsayar da masta ƙasa da ja, sannan ya buɗe amfilifaya daidai girman zauren. In bai isa ba, kayan ne suka yi kaɗan. Makirufon mai gabatarwa shi ma a auna shi da muryar da zai yi kirari da ita, ba da raɗar gwaji ba, kuma kada ya tsaya gaban lasifika, in ba haka ba a sha ƙiiii. Amfilifaya ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Akwai kuma yaudarar kunne. Bayan sa'a biyu cikin kiɗa jin mutum kan dushe, sai ya ga kamar sauti ya sauka, ya ɗan ƙara, anjima ya sake ƙarawa. Fitilu ba sa gajiya, don haka su ake tambaya. In mai DJ ba ya jin kansa, lasifikar da ke gefensa tana da maɓallinta daban mai suna BOOTH, wanda bai shafi jama'a ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar desibel 85 na sa'a 8, lokacin kuma yana rabuwa biyu a duk ƙarin desibel 3, har ya koma minti 15 a desibel 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wuraren kiɗa shawarar kada matsakaicin ƙara na kowane minti 15 ya wuce desibel 100 ɗin nan. Tsuwwar da mutum ke ji a kunne bayan an tashi biki alama ce an ƙetare, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa.